Batun Tokar Goshinki

'Yata, salama cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aiki, ya zaman birni? Saƙonki ya iso, kuma tambayar ta yi mini daɗi. Kin ce ranar Larabar Toka, wato ranar farko ta azuminmu na kwana 40, ana karanta mana Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce mai azumi ya shafa mai a ka, ya wanke fuska, kada mutane su gane yana azumi, amma kafin a tashi Mas sai Fada ya zana mana gicciye da toka a goshi, mu fita kowa yana kallo. Kika ce shin wannan ba riya ba ce, kuma shin laifi ne ki goge kafin ki shiga wurin aiki.

Ki fara sauraron abin da Fada yake faɗa sa'ad da yatsansa ke goshinki. Ko dai ya ce ki tuna ke ƙura ce, ga ƙura za ki koma, maganar da Allah ya yi wa Adamu a Farawa 3:19, ko ya ce ki tuba ki gaskata bishara, daga Markus 1:15. Ina yabo a nan? Mai riya so yake a ce masa salihi, ita kuwa tokar shelar da take yi a kanki ita ce ga mai zunubi, ga wadda za ta mutu. Bishop ma da Paparoma sukan sunkuyar da kai a sa musu.

Kin san daga ina take fitowa? Ganyen dabinon nan da muka ɗaga bara ranar Lahadin da ke kafin Ista muna Hosanna, wanda mahaifiyarki ke soke nata bayan gicciyen ɗaki har ya bushe ƙayau, shi katikis, mai koyar da addini a coci, yake tarawa ya ƙona, ya tankaɗe da rariya, Fada ya sa albarka ya yayyafa masa ruwa mai tsarki. Duk shekara wannan yakan taɓa ni, domin bakin da ya yi Hosanna bara shi ne ya yi gulma da ƙarya a watannin da suka biyo.

Al'adar ta girme mu ƙwarai. Ayuba ya tuba cikin ƙura da toka, sarkin Nineba ya sauka daga gadon sarauta ya zauna cikin toka da ya ji wa'azin Yunana. A ikilisiyar dā, masu manyan zunubai irin su kisa, zina, ko musun bangaskiya lokacin tsanani, su ake zuba wa toka a farkon azumi, su sa tsummoki, sai Alhamis ta kafin Ista bishop ya sulhunta su. Daga baya sauran jama'a suka shiga sahu, don ba wanda ya tsira daga zunubi. A shekarar 1091 Paparoma Urban na Biyu, a taron Benevento na ƙasar Italiya, ya ce a riƙa yi wa kowa. Har yau a Roma bisa ka ake barbaɗa ta, da ƙyar ma ake gani.

To, batun gogewa. Babu dokar da ta ce sai kin yini da ita, zuwa Mas ɗin ranar ma ba ya cikin ranakun dole. Abin da Paparoma Bulus na Shida ya tsara a 1966 shi ne azumi da barin nama ranar Larabar Toka da Jumma'ar mutuwar Yesu, da barin nama a Jumma'o'in shekara. Yanzu barin nama yana farawa daga shekara 14, azumi kuma daga 18 zuwa 59: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan taɓawa sau biyu. Saura kuwa tsakaninki ne da Allah, shi ya sa nake so ki binciki zuciyarki kafin ki kai hannu goshi. In kunyar a san ke Kirista ce ta sa, ki bar ta. In kika ga kina jin daɗin a kalle ki, har kina ɗaukar hoto don Facebook, ki wanke fuska kamar yadda Yesu ya ce. In kuwa hanyar da za ki bi tana da haɗari, ki goge da kwanciyar rai, kada kowa ya ce miki kin yi musun Ubangiji. Ba na so a yi wasa da wannan. A Larabar Toka ta 2020 bishop-bishop ɗinmu sun ce mu sa baƙaƙen kaya saboda waɗanda aka kashe, makonni kaɗan bayan jana'izar Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da masu zama Fada ta Good Shepherd a Kaduna, yaro ɗan shekara 18 da aka sace aka kashe. Mun san tsadar shaida a ƙasar nan, ba sai mun je neman ta da ganganci ba.

Idan abokiyar aikinki Musulma ta ce kin yi datti a goshi, kada ki tsuke fuska. Ki ce mata yau muka fara azumin kwana 40, wannan alamar tuba ce. Za ta gane sarai, mai azumi ce ita ma. Amma daga ranar za ta sa miki ido: yadda kike riƙe kuɗin ofis, yadda kike yi wa masinja magana, ko kina tashi in an buɗe faifan gulma. Annabi Yowel, a karatun farko na ranar, cewa ya yi mu yage zukatanmu, ba tufafinmu ba.

Saboda haka ga roƙona. Ki je furta zunubi tun a makon farko, kada ki jira cunkoson makon da ke kafin Ista. Ranar Jumma'a in kin tashi aiki da wuri, ki je Hanyar Gicciye, addu'ar tuna shan wahalar Yesu. Kuɗin naman da kika bari kada ya koma katin waya, ki nemi gwauruwa ko maraya a unguwarku. Sannan maganar da ke tsakaninki da yayarki tun bikin ƙaninku, na sani ke aka ɓata wa, amma ke nake so ki fara kira. Ki yi shi kafin Lahadi, ki kuma sanar da ni yadda kuka yi. Saboda gyambon cikinki, ki gaya wa Fada kafin ki ɗauki azumin, marar lafiya ba ya cikin dokar.

Ki gaida mutanen gida duka. Taki, Gwaggo.