Ina masu kare mata da masu kare naƙasassu suka raba gari?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa masu fafutukar haƙƙin mata da na naƙasassu ke sa-in-sa kan zubar da ciki, alhali duk haƙƙin ɗan Adam suke karewa. Hoton ciki ne ya haɗa su faɗa. A Ingila doka ta tsayar da zubar da ciki a mako 24, amma in likita ya hango naƙasa mai tsanani, ana iya yi har gab da haihuwa. Heidi Crowter, wata 'yar Ingila mai lalurar Down (naƙasar da ake haihuwar mutum da ita, mai rage saurin girma da koyo), ta kai ƙara cewa wariya ce, kotu ta kori ƙarar a 2021. Ɗaya ɓangaren suka ce ai mace ce ke ɗauke da cikin, a bar mata zaɓinta.

Mu nan Kamaru, sashe na 339 na dokar laifuka bai yarda ba sai in fyaɗe ne ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Naƙasar jaririn ba ta cikin waɗannan dalilan.

Ni dai abin da ya fi ci mini rai a Garwa daban ne. Tun 2010 muke da dokar kare naƙasassu, amma maƙwabciyata goye take kai ɗanta makaranta, yaro ɗan shekara tara, don keken guragu ya fi ƙarfinta.