Tambaya da Amsa: Wace manhaja zan riƙe don haɗa kiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sha'awar koyon haɗa kiɗa, kuma ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows wadda RAM ɗinta gigabayit 8 ne. A cikin wata uku na saka manhajoji huɗu na cire, amma har yau ban kammala kiɗa ko ɗaya ba, domin duk wanda na tambaya sai ya yabi tasa ya kushe ta wani. Wani ya ce sautin FL Studio bai kai na Logic Pro nauyi ba, wani kuma ya ce in ba Ableton Live ba, wasa nake yi. Don Allah wacce zan riƙe? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da zancen nauyin sauti, domin shi ya fi ɓata wa masu koyo lokaci. Idan aka zuba sautuka iri ɗaya a cikin waɗannan manhajoji, aka daidaita ƙarfinsu daidai wa daida ba tare da an ƙara musu komai ba, abin da zai fito ba zai bambanta a kunne ba, saboda dukansu lissafi ɗaya suke yi wajen haɗa sauti. Bambancin da abokinka yake ji ya samo asali ne daga sautukan ganga da na fiyano da kowace manhaja take zuwa da su, da kuma hannun wanda ya tace kiɗan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma mai ba ka shawara yakan yabi wadda hannunsa ya saba da ita ne kawai.

Logic Pro dai kwamfutarka ta riga ta raba gardama a kanta, domin tun da kamfanin Apple ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro ta a shekarar 2002 aka daina yin ta don Windows. Saura biyu ke nan.

FL Studio ta kamfanin Image-Line ce da ke ƙasar Beljiyam, kuma ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, a matsayin ƙaramar manhajar tsara bugun ganga. Wannan asali nata har yanzu yana nan, shi ya sa mai koyo yake saurin jin daɗinta. Da ka buɗe ta za ka ga layuka, kowane layi da sautinsa da gidaje 16 a gabansa. Ka danna gida na 1 da na 5 da na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ka danna na 5 da na 13 a layin tafi, sannan ka kunna, za ka ji kiɗa ya tashi tun kafin ka san sunan ko maɓalli ɗaya na fiyano. Allon da ake zana karin kiɗa a kansa da linzamin kwamfuta shi ma yana cikin mafi sauƙin sarrafawa, kuma wanda ya saye ta sau ɗaya yana samun duk sababbin fitowarta kyauta. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata ka sani tun da wuri. FL Studio ta gwaji, wato wadda ba ka riga ka biya ba, tana barinka ka adana aikinka, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya, sannan mafi ƙanƙantar cikin na sayarwa, wadda ake kira Fruity Edition, ba ta ɗaukar murya daga makirfo. Idan kana da niyyar ɗora waƙa a kan kiɗanka, daga Producer Edition za ka fara duba.

Ableton Live kuwa a birnin Berlin na Jamus aka yi ta, ta fito a 2001, kuma tunaninta daban ne. Tana ba ka damar jera guntayen kiɗa a allo kana kunna wannan kana kashe wancan yayin da kiɗan yake tafiya, kuma ta ƙware wajen jan sautin da aka riga aka ɗauka ko matse shi har ya zauna daidai da saurin kiɗanka. Wanda yake son yanka sautuka yana sake jera su, ko yake buga fiyano da hannunsa, zai fi sakewa a cikinta. Akwai ƙaramarta mai suna Live Lite da ake haɗawa kyauta da fiyanon MIDI da dama, wato fiyanon da ake jona wa kwamfuta, don haka in ka sayi irin wannan fiyano ka duba takardun cikin kwalinsa kafin ka jefar.

Idan kuɗi ne matsalar, LMMS kyauta ce kuma tsarinta ya yi kama da na FL Studio, BandLab ma kyauta ce kuma tana aiki a waya. Reaper ba ta yi wa kwamfuta nauyi ko kaɗan kuma tana ba da kwana 60 na gwaji, amma ba ta zuwa da sautukan kiɗa masu yawa, sai ka nemo su da kanka. Manhajojin sayarwa da aka fasa makullinsu aka watsa a intanet kuwa ba na ba ka shawarar ko kusantarsu, domin ban da haƙƙin masu su, ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suke yawan shiga.

Ra'ayina shi ne, tun da ba ka ambaci kana da fiyano ba, ka riƙe FL Studio, kuma RAM ɗinka ya ishe ka farawa muddin ba ka cika aikin da manyan sautuka masu yi wa kwamfuta nauyi ba. Idan kuwa wanda zai riƙa zama da kai yana nuna maka aiki da Ableton Live yake amfani, to ka bi shi, domin malamin da yake kusa ya fi duk wani fifiko da na lissafa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ka cire sauran, ka kammala kiɗa goma a cikin guda ɗaya ko da ba su yi maka daɗi ba, kafin ka sake tunanin canji.

Tambaya: Na haɗa kiɗa a FL Studio, amma sutudiyon da za a ɗauki muryar mawaƙin da wata manhaja suke aiki. Yaya zan kai musu? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, fayil ɗin aikin da kika adana ba zai buɗe a wata manhajar ba, don haka kada ki kai shi. Ki fitar da kowane layi shi kaɗai a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba, ganga daban, fiyano daban, kuma duk su fara daga farkon kiɗan ko da wani layin shiru ne a wurin, domin su hau kan juna daidai idan an zuba su. Kada ki yi amfani da MP3, saboda yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage girman fayil. Ki rubuta musu saurin kiɗan, wato yawan bugu a minti ɗaya, a jikin sunan jakar da kika zuba su.