Hukuncin ɗanɗana tsohuwar giya a tofar ba tare da an haɗiye ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan Maraɗi ne, shekarata 3 ina aiki a Bordo ta ƙasar Faransa. Abokan aikina suna da wata ƙungiya a unguwarmu, duk wata sukan yi karo-karo su sayi giyar inabi wadda ta shekara 20 ko 30 a kwalba, su taru su ɗanɗana. Ba buguwa ake zuwa yi ba. A zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi, a juya, a shinshina, a kurɓa a jujjuya ta cikin baki, sannan a tofar a wani kwano. Na je sau biyu, na tofar ban haɗiye ba, ban kuma ji maye ba. Ina ganin kamar mai azumi ce ke ɗanɗana gishirin miya. Sun kuma ba ni kwalba ɗaya kyauta, an ce mai tsada ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya. Wannan zama bai halatta gare ka ba, ɗanɗanon bai halatta ba, kuɗin karo-karon ma haka.

Ka gina hujjarka a kan maƙogwaro, wato tunda ba ta wuce ba, ba ka sha ba. To duba lafazin da Allah ya zaɓa a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Bayan ya kira giya da caca ƙazanta daga aikin Shaiɗan, cewa ya yi "fajtanibuhu", ku nisance shi. Nisanta ta fi barin sha faɗi. Mutumin da ya ɗaga kofi ya kai hanci, ya cika baki yana neman ƙamshin itacen gangar da aka tsuma giyar a ciki a kan harshensa, wace nisanta ta rage masa? Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa yana cikin zuba wa mutane giyar dabino a gidan Abu Ɗalha sai mai shela ya sanar an haramta giya. Nan take aka ce ya fita ya zubar, har ta kwarara a lungunan Madina. Babu wanda ya ce a bar masa kurɓi ɗaya ya yi bankwana da ɗanɗanonta.

Kuma maganar "ban haɗiye ba" ita kanta ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Giyar inabi takan ɗauki sinadarin maye kashi 12 zuwa 15 cikin 100, kuma shekarun da ta yi a kwalba ba sa cire shi. Ƙamshi da launi suke sauyawa. Wanda ya kurɓi kala shida ko takwas a dare ɗaya, duk iya tofinsa sai wani abu ya bi yawu ya gangara. Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Jabir. Ba a rataya hukuncin a kan ko kai ka bugu ba.

Ƙiyasinka da mai azumi bai hau ba. Miya halal ce a kanta, lokaci ne kawai ya hana ta wuce maƙogwaro, rana na faɗuwa sai a sha. Duk da haka malamanmu Malikawa sun karhanta wa mai azumi ɗanɗanon. Giya kuwa babu wata magariba da ake jira ta halatta. Malikawa sun yarda a kora loma da ita ga wanda abinci ya shaƙe, yana shirin mutuwa kuma babu wani ruwa kusa. Wannan ceton rai ne, ina shi ina zaman nishaɗi?

Ko da a ce ka je ka naɗe hannu ba ka taɓa kofi ba, da sauran magana. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Malamai sukan yi sassauci ga wanda ya shiga jirgin sama ko gidan abinci inda wani can gefe ke shan abinsa, don ba ita ta kai shi ba. Naku taron kuwa kwalbar ce amarya, don ita aka taru, ita ake yabo. A hadisin Anas an la'anci mutum 10 a kan giya, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu aka ambata da sha. Sauran su ne mai matsa ta da wanda aka matsa wa, mai ɗauka da wanda aka kai wa, mai zubawa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Karo-karon da kake bayarwa saye ne kai tsaye.

Na san inda kake zaune. A Bordo giya ce noma, ita ce kasuwa, ita ce tutiyar gari. Tun 1855 suka jera manyan gonakin inabinsu daraja-daraja, har yau suna alfahari da wannan jeri, kuma gangar itacen da suke tsumawa a ciki mai cin lita 225 an san ta da sunan garin. Mutum ya ce ba ya taɓawa a irin wannan wuri, sai ya ji kamar ya ware kansa. Ban raina wannan nauyi ba. Amma shari'a ba ta hana ka abota da su ba. Ka gaya musu sau ɗaya, cikin fara'a, cewa addininka ya hana. Yawanci an fi girmama mai magana ɗaya a kan mai kame-kame. Ka kira su gidanka, ka dafa musu dambu ko ka gasa nama, ka kawo zoɓo da lemun citta. Masu son bambance ɗanɗano ne, za su sami abin tattaunawa.

Game da zuwa biyu da ka yi: wannan ba shi ne shan da fiƙihu ya rataya wa haddi ba, amma saɓo ne, maganinsa tuba da dainawa, babu wata kaffara ta kuɗi ko azumi. Mazhabobi huɗu suna ganin giya najasa ce, ko da yake an ruwaito saɓanin haka daga Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani. Don haka in ta ɗiga a rigarka ka wanke wurin. Sallolin da ka yi a baya bayan ka kurkure baki ba sai ka rama su ba.

Saura kwalbar. Kada ka sayar, kada ka ba wani kyauta. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani ya kawo wa Annabi (SAW) salkar giya kyauta, da ya ji an haramta sai ya yi raɗa a sayar, aka ce masa wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita. Mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Abu Ɗalha ma ya yi tambaya a kan giyar da marayu suka gada, aka ce ya zubar. Ya ce ko ya mayar da ita khal, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, aka ce a'a. In dukiyar maraya ba ta sami rangwame ba, kwalbar kyauta ba za ta samu ba, komai tsadarta. Ka buɗe ta ka tuttular a magudanar ruwa, ka jefa kwalbar inda ake tara gilashi.

Allah ne mafi sani.