Ga 'yar uwar da ke fama ita kaɗai a jami'a

Wallahi 'yar uwa, da na karanta cewa kin kwaso keri-oba biyu, wato kin faɗi kwas biyu sai kin maimaita su, ba ki da wadda za ki faɗa wa, har kina tunanin ajiye karatun, sai da jikina ya yi sanyi. Ni ma na ɗanɗana.

Ni ba wuyar kwas ce ta kayar da ni ba, 'yar ɗakinmu ce, kuma ajinmu ɗaya. Malami ya matso da ranar tes, aka sanar a gurup ɗin WhatsApp, ni kuwa wayata ta lalace. Ta sani sarai. Da safe ta shirya tsaf, har da fesa turare, ta ce min laburare za ta. Sai da yamma na ji ana maimaita tambayoyin a bakin hostal. Da na tuhume ta, ko ɗago kai ba ta yi ba, tana danna waya ta ce, "Ai na ɗauka kin sani." Makin CA, wato na tes da ake haɗawa da na jarrabawa, ya tafi ke nan. Ranar da aka manna sakamako ita ce ta fara shewa a gaban allo. Na yafe, amma har yau in na ji irin turaren nan raina ɓaci yake.

Don Allah kada ki kulle kanki a ɗaki. Waɗanda suka ɗaga ni 'yan ƙasa da ni ne, da na koma na zauna da su don maimaita kwas ɗin. Da farko kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma su suka ba ni tsofaffin tambayoyi, muka riƙa tutoriyal bayan lakca. Ki nemo masu keri-oba irin naki, suna nan, kowa ɓoyewa yake.

Ki kuma je wurin kodinetan ajinku kafin rajista, domin keri-oba yana cin yunit, wato yana rage yawan sababbin kwas da za ki iya ɗauka, kuma jarrabawarsa kan yi karo da ta sabon kwas. Lambar kilas ref ma, wato wakilin aji, ki rubuta ta a takarda, kada ki dogara da mutum ɗaya.

Batun gida kuwa, ki faɗa wa ko da yayarki ce. Kuma ki riƙa barci, karatun dare kullum ciwon kai kawai ya bar min. Wane kwas ne ma? Ki turo min ta akwatin saƙo mu duba tare.