Amsa ga sabuwar 'yar'uwarmu kan masu bin tsohuwar Misa

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Wannan saƙo na 'yar'uwarmu ce da ta shigo cikinmu shekaranjiya, wadda ta tambaya yadda ya kamata ta gabatar da kanta, sannan ta ƙara da cewa ko duk masu bin tsohuwar Misa ta Latin bakinsu ɗaya ne. Kowa ya yi mata maraba, an tura mata hotuna da addu'o'i, amma na lura ba wanda ya taɓa rabin tambayar na biyu, alhali ni a ganina shi ne abin da ya dame ta. 'Yar'uwa, ba sunanki kike tsoron faɗa ba. Tsoronki shi ne kada son Latin da turare ya kai ki hannun mutanen da suka raba gari da Ikkilisiya ba ki sani ba, kuma wannan tsoro yana kan hanya.

Bakinmu ba ɗaya ba ne, kuma gara ki ji haka tun yanzu. Abin da ya haɗa mu shi ne littafin Misa na 1962, wanda Paparoma Yohanna na 23 ya fitar, kuma asalinsa yana komawa ga wanda Paparoma Pius na 5 ya tsara a 1570 bayan babban taron bishop-bishop da ake kira Majalisar Tirent. Bayan Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, Paparoma Bulus na 6 ya kawo sabon tsarin Misa a 1970. A'a, bari in gyara tun kafin masu lissafi su kama ni: a 1969 ya sa hannu, cikakken littafin ne ya fito a 1970. Daga nan hanya ta rabu. Akwai waɗanda suke bin tsohon tsari da cikakken izinin Roma, kamar Ƙungiyar Fadoci ta Waliyyi Bitrus da aka kafa a 1988, da fadocin dayosis waɗanda bishop ɗinsu ya ba su dama. Akwai kuma Ƙungiyar Waliyyi Pius na 10, wadda Babban Bishop Marcel Lefebvre, mutumin Faransa da ya taɓa zama babban bishop na Dakar, ya kafa a 1970, da makarantar horar da fadocinta a Ekon ta ƙasar Suwizalan. Shi ne ya naɗa bishop huɗu ranar 30 ga Yuni 1988 ba tare da yardar Paparoma Yohanna Bulus na 2 ba, aka yanke su daga zumuntar Ikkilisiya. Paparoma Benedict na 16 ya ɗage wannan hukunci daga kan huɗun a 2009, amma a shekarar ya bayyana cewa ƙungiyar ba ta da matsayi a dokar Ikkilisiya. Su dai suna ambaton sunan Paparoma a Misa. Can gefe kuma akwai masu cewa kujerar Bitrus, wato ta Paparoma, babu kowa a kanta, yawancinsu suna ƙirgawa tun daga rasuwar Pius na 12 a 1958, kuma waɗannan ba sa ambaton kowane Paparoma na yanzu. Idan wani ya gayyace ki Misa, tambaya ɗaya ta ishe ki, kuma ki yi ta cikin ladabi: Fada ɗin da zai yi ta yana ƙarƙashin wane bishop ne? Mai gaskiya zai ba ki amsa a taƙaice, wanda kuwa ya fara yi miki dogon tarihi maimakon ya ambaci suna, to kin riga kin sami amsarki.

Za ki kuma ji ana yawan ambaton takardu biyu kamar sunayen dangi. Ta farko ita ce Summorum Pontificum ta 7 ga Yuli 2007, inda Benedict ya ba kowane Fada damar yin tsohuwar Misa ba sai ya nemi izini na musamman ba. Ta biyu ita ce Traditionis custodes ta 16 ga Yuli 2021, inda Paparoma Francis ya mayar da ikon hannun bishop na kowace dayosis, ya kuma taƙaita wuraren da za a yi ta. Yawancin ɗacin ran da za ki ji a muryar wasu daga cikinmu daga wannan rana ya samo asali, saboda haka kada ki ɗauka da ke suke.

Game da gabatar da kai kuwa, abin ba shi da wuya. Ki faɗi yadda kike so a kira ki, ki faɗi ko kin taɓa halartar tsohuwar Misa ko ba ki taɓa ba, ki kuma faɗi abin da ya jawo ki. Kada ki ji dole sai kin bayyana matsayinki a kan Majalisar Batikan ta Biyu, domin wanda ya nemi ki yi haka a ranar farko jarrabawa yake yi miki, kuma ni na san wannan jarrabawa da kaina.

Ranar da na fara zuwa, na riƙe littafin da Latin yake a hagu, fassara a dama, ina ganin ai karatu ba zai gagare ni ba. Fada ya tsaya a gindin bagadi yana karanta zabura tare da yaron da ke taimaka masa, muryarsu ƙasa-ƙasa, kafin in gano shafin har sun haura sama. Fuskarsa tana kallon bagadi kamar yadda tamu take, kuma da aka kai babbar addu'ar keɓewa sai wurin ya yi tsit, ba abin da kake ji sai ƙararrawa. Na rikice ƙwarai, har wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo hannu ta juya mini shafuka, ta ɗora yatsarta a kan layin, ba ta ce mini uffan ba. Har yau ban san sunanta ba. Da lokacin karɓar Jibi ya yi, na durƙusa tare da jama'a, na miƙa tafin hannuna yadda na saba, na kuma ce Amin da ƙarfi. A tsohon tsari kuwa a kan harshe ake karɓa, kuma Fada ne da kansa yake faɗin Amin a ƙarshen addu'ar da yake yi wa kowane mai karɓa. Fada bai nuna komai ba, ya ɗan jira na sauke hannu. Amma da aka tashi, wani mutum ya tare ni a bakin ƙofa, bai gaishe ni ba, bai tambayi daga ina nake ba, ya shiga koya mini darasi a gaban mutane kan yadda irinmu suka lalata ibada. Daga nan ya tambaye ni awa nawa na yi ban ci abinci ba kafin in karɓa. Na ce awa ɗaya, kamar yadda doka ta tanada. Ya girgiza kai ya ce tun daga tsakar dare ake kamewa. To, ku da kuka daɗe kun san Pius na 12 ne ya mayar da shi awa uku a 1957, Bulus na 6 kuma ya mayar da shi awa ɗaya a 1964. Wato mutumin nan yana ɗora mini nauyin da ko a shekarar da aka buga littafin da ke hannunsa an riga an sauƙaƙa. Wanda ya ga zai iya kamewa daga tsakar dare domin ibadarsa, madalla, ni ma yanzu nakan yi, amma mayar da shi sharaɗi a kan baƙo rashin sani ne da aka yi wa rawani. Shekaru sun wuce, na yafe masa, sai dai duk lokacin da na ga an tare sabon mutum da irin waɗannan tambayoyi nakan ji abin ya dawo mini sabo. Sai da na yi wata biyu ban koma ba, kuma da ba domin yatsar dattijuwar nan ba, da ban koma ba sam.

Na yi nisa, bari in dawo kanki. Za a yi miki maganar rufe kai, domin tsohuwar dokar Ikkilisiya ta 1917 ta wajabta wa mata haka, amma ta 1983 ba ta maimaita ba. Mafi yawan mata a tsohuwar Misa suna rufewa, kuma za ki fi samun natsuwa idan kin yi kamar su, amma ba wanda yake da ikon korar ki a kan haka. Kalanda ma za ta rikita ki, domin idan kika ga muna taya juna murnar idin Kristi Sarki a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ba kuskure muka yi ba, sabon tsari ne ya kai shi ƙarshen Nuwamba. Karatun Lahadi a wurinmu yana zagayowa kowace shekara, ba shekara uku ba, kuma kusan kowace Misa tana rufewa da farkon Bisharar Yohanna, don haka kada ki miƙe ki fita da zarar an sa albarka.

Da na so in shiga maganar azumin kwanaki uku-uku da ake yi sau huɗu a shekara, amma saƙon ya yi tsawo, a bar shi sai wani lokaci. Zuwanki na farko, ki ajiye littafin a cinya, ki zauna a baya inda za ki ga lokacin da jama'a suke durƙusawa da lokacin da suke miƙewa, ki bi su. Idan kuma wani ya tura miki saƙo a keɓe yana cewa Misar da kika taso a cikinta ba Misa ba ce, ki turo mini shi in amsa masa da kaina.