Khadija, Hadiza ko Kadijat: Wanne Za a Rubuta wa Jaririya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas. Allah ya ba mu 'ya mace, na mayar mata da sunan mahaifiyata, wadda dangi suka sani da Hadiza. Ina so a rubuta Khadijah domin shi ne asalin sunan Uwar Muminai, mai ɗakina ta ce a bar shi Hadiza kamar yadda yake a takardun Hajiya, ita kuwa ma'aikaciyar asibiti, Bayarbiya ce, ta riga ta rubuta Kadijat a katin rigakafi. Wani abokina ya ce Hadiza ɓata suna ne kuma akwai zunubi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya ta a kan Musulunci, ya sa mai jin ƙanku ce.

Babu zunubi a ko ɗaya daga cikin ukun, kuma maganar abokinka ba ta da hujja. Abin da shari'a ta duba a sha'anin suna shi ne ma'anarsa, shi ya sa Annabi (SAW) ya sauya sunan 'yar Sayyidina Umar daga Asiya, wadda ake rubutawa da ainun da sadun, ma'ana mai saɓo, ya mayar da shi Jamila, ya kuma sauya Barra zuwa Zainab saboda yabon kai da ke cikinsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Su kuwa baƙaƙen boko, ba da su aka saukar da wani suna ba, balle a ce wannan jeri shi ne halal wancan haram. Misalin da ya gabata ma ya isa hujja, domin Asiya matar Fir'auna, wadda Annabi ya yabe ta da cikar kamala, da waccan Asiya da ya sauya, a boko rubutunsu ɗaya ne. Haka Amina mahaifiyar Annabi, mai jan wasalin farko, da Amina mai amana, mai jan na tsakiya. Ashe boko ba ya iya ɗaukar abin da kake son ɗora masa.

Duk siffofin nan uku suna da tushe. Sunan yana ƙarewa ne da ta'un mai ɗauri, wadda Balarabe yake furta ta kamar ha idan ya tsaya a kanta, ya ce Khadijah, idan kuma ya zarce da magana ta bayyana, ya ce Khadijatu. Daga nan ne muka sami Hadizatu da A'ishatu da Faɗimatu, maƙwabtanmu Yarbawa kuma suka sami Kadijat da Aishat da Aminat, saboda haka ma'aikaciyar nan ba ta yi maka ta'adi ba, abin da kunnenta ya saba ji ne ta rubuta. Harafin farko kuma babu shi a harshenmu, shi ya sa Khalid ya zama Halidu, khalifa ya zama halifa, kuma malaman da suka gabace mu a ƙasar Hausa sun raɗa waɗannan sunaye haka ba tare da ganin aibu ba. Ko shi Annabi ya taɓa kiran Nana A'isha da "Ya A'ish", kamar yadda ya zo a Bukhari. Idan yanke harafi guda don ƙauna bai ɓata suna ba, karkatar harshen wanda ba Balarabe ba ta fi cancantar uzuri, muddin ma'anar ba ta juye zuwa mummuna ba.

Idan an yi saɓani tsakanin iyaye, malamai sun ce haƙƙin raɗa suna na uba ne, domin da sunansa za a jingina yarinyar, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarta. Sai dai samun haƙƙi bai hana shawara ba, musamman da wadda ta ɗauki cikin wata tara. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mai sunan Hajiya ba wanda zai kama sunanta a gidanka, Ummi ko Mama ko Walida za a riƙa kiran ta saboda alkunya, wato gardamar nan duka a kan takarda take.

A kan takardar kuwa nake jan kunnenka. Sau da yawa an zo mini da yarinyar da takardar haihuwarta ke ɗauke da Khadijah, lambarta ta shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, na ɗauke da Hadiza, sakamakon jarrabawar kammala sakandare ta WAEC kuma Kadijat, kuma tun da hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta wajabta NIN a 2021, irin wannan bambanci yana iya tsayar da rajista. Daga nan sai rantsuwa a kotu da shela a jarida da zirga-zirga cikin cunkoson Legas, a kan abin da uba zai iya tsayarwa tun ranar suna. Janyo wa 'yarka wahalar da kake da ikon kawar da ita ya saɓa wa ƙa'idar nan ta cewa babu cuta babu cutarwa.

Shawarata ita ce ku zauna da mai ɗakinka ku tsayar da rubutu ɗaya, ka rubuta shi da hannunka da manyan baƙaƙe a takarda, ka miƙa wa jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa lokacin yin takardar haihuwa, kada ka faɗa masa da baki, kuma kada ka bar wurin sai ka karanta abin da ya rubuta. Ka koma asibiti a gyara katin, kuma daga baya duk takardar makaranta da fasfo a kwafo daga takardar haihuwar. Da ni za a tambaya, Khadija zan zaɓa, ba tare da ha a ƙarshe ba, domin ya fi Hadiza da Kadijat kusa da lafazin Larabci kuma ha ta ƙarshe ita ce wadda magatakarda suka fi mantawa. Amma idan ka san rubuta Hadiza zai faranta ran mahaifiyarka, to ka rubuta Hadiza, ladan faranta mata ya fi abin da kake nema a wancan rubutun.

Wallahu a'alam.