Wane ƙamus ya dace da mai nazarin Littafi Mai Tsarki?

Malam, ka tambayi ƙamus ɗin da za ka fara da shi a nan Sakkwato don karanta Littafi Mai Tsarki cikin harsunansa na asali. A Ibranancin Tsohon Alkawari, tunda ka yi karatun Larabci a zaure, na Brown, Driver da Briggs na 1906 zai fi maka sauƙi, domin an jera kalmominsa bisa saiwarsu, kuma yakan kawo takwarorinsu na Larabci. A Helenancin Sabon Alkawari, nemi na Bauer, bugu na uku na Turanci na 2000, ko da yake akwai tsada. Latin kuwa ba harshen asali ba ne, sai mai duba tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin da malamin Kirista Jerom ya yi ke buƙatar ƙamus ɗin Lewis da Short na 1879.